Munduwar da Aka Rufe da Shuɗi

Ranar Laraba ce, dab da magariba. Safara'u ta kashe ƙaramin murhun lantarkinta, ta jera sarƙoƙin da suka huce a kan farin ƙyalle. Shekara uku ke nan tana wannan sana'a a gidanta da ke Ƙofar Marusa. Mata kan kawo mata 'yan kunne da awarwaro da zobba masu koɗewa, ta wanke su tas, ta tsoma su a ruwan tangaran mai launi, ta sa lantarki har ruwan ya kama ƙarfen, sannan ta gasa. In sun fito, ba tsatsa, ba ƙaiƙayi, ko gumi ba ya ratsa su.

Abu na ƙarshe da ta ciro a ranar na 'yarta Ramla ne, wata tsohuwar munduwar jan ƙarfe da marigayiya kakarta ta bar mata. Munduwar takan bar koren zane a hannun yarinyar, ƙawayenta a makarantar koyon jinya suna tsokanarta. Shi ne Safara'u ta karɓa ta rufe ta da shuɗi. Ramla ta mayar da ita hannun hagu tana dariya.

Ladan na cikin kiran salla dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufin gidan. Hussaini, maigidan, ya leƙa waje, bai ga kowa ba. Na biyu a tsakar gida ya faɗo, kusa da ƙafarsa. Da ya ɗauka, sai ya ji shi da zafi kamar daga murhu aka ciro shi.

Washegari, daidai wannan lokaci, duwatsun suka dawo, har cikin ɗaki, alhali rufin ba ya da ko huda. Da suka tsaya, gidan ya yi tsit. A cikin shirun ne Safara'u ta ji wani siririn kuka, kamar na jinjiri a ƙarƙashin ƙwarya. Ta bi ɗaki ɗaki. Kukan yana inda Ramla take.

Ranar Juma'a suka tarar da yarinyar a tsugune bayan ƙyaure, tana gatsar munduwar da haƙori har jini na bin haɓarta. Ba ta san uwarta ba. An kai ta asibiti, aka auna, ba a ga kome ba. Kwana biyu ko ruwa bai wuce maƙogwaronta ba. Sai Hussaini ya tafi Ƙofar 'Yandaka ya zo da Malam Habibu, wani dattijo marar yawan magana da aka sani da aikin ruƙiyya.

Malam ya zauna bayan la'asar, ya daɗe yana karatu. Rana na jan jiki Ramla ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce.

"Malam, daina ƙona ni. Ba da kai nike ba."

"Da wa kike, baiwar Allah?"

"Da wagga mai rini." Idanun suka juya kan Safara'u. "Tun kakan kakanta nike cikin ƙarfen nan, ban taɓa kowa ba. Na fita kiwo, na bar ɗana yana barci. Na dawo na iske ta shafe min ƙofa, ta sa min shi a wuta. Ko bisimilla ba ta yi ba."

Safara'u ta tuna. Da gaske ba ta yi ba, waya take amsawa a lokacin.

"Ban sani ba," ta ce. "Wallahi ban san da kowa a ciki ba."

"Tsohuwar da ta bar wa ɗiyarki munduwar ba ta ce a riƙa wanke ta da toka da tsamiya kaɗai ba?"

"Ta ce. Na ɗauka don tsatsa ne."

Muryar ta yi wata dariya marar daɗi. "To, ɗa a madadin ɗa. Ɗiyarki tawa ce."

"Ba ki da wannan hakki," in ji Malam. "Kuskure aka yi, kuma yarinyar ba ta da laifi. Ɗan naki yana da rai?"

Muryar ta ce, "Jiya ina jin shi. Yau kaɗan kaɗan."

"In an buɗe miki, za ki ɗauke shi ki bar gidan nan har abada?"

"In da ransa."

"Ki rantse da Wanda ya halicce mu da ku."

Ta rantse. Amma ta ce munduwar ba za ta bar hannun ba sai an buɗe, kuma wadda ta rufe ita za ta buɗe.

Safara'u ta san aikinta. Shuɗin nan an yi shi ne don kada ya fita. Ta ɗauko magagarin goge ƙarfe, ta durƙusa, ta riƙe hannun 'yarta, ta yi bisimilla da ƙarfi. Ta yi ta gogawa, shuɗin gari na zuba a zanenta. Magagarin ya zame ya ci yatsanta, ba ta tsaya ba. Ana tayar da sallar magariba a masallacin unguwa jan ƙarfen ya leƙo, faɗinsa bai kai ƙwayar gero ba.

Wani zafi ya fito ta wurin, ya wuce ta gefen fuskarta. Jikin Ramla ya dunƙule kamar mai rungumar wani abu.

"Yana numfashi," in ji muryar, a hankali. "Amma hannunsa ya shanye." Ta daɗe tana kallon Safara'u. "Na rantse, zan tafi. Riƙe ɗiyarki."

Ramla ta sulale a kan tabarma. Munduwar ta zame da kanta, Malam ya naɗe ta a ƙyalle ya sa a aljihu.

Can sai yarinyar ta buɗe ido. "Umma, ruwa."

Safara'u ta kawo da gudu. Ramla ta miƙo hannun hagu, yatsun suka taɓa kofin, suka ƙi rufewa. Ta sake gwadawa. Hussaini ya dubi Malam.

"Allah gafarta Malam, hannun zai dawo?"

"A ci gaba da addu'a, a kuma koma asibiti," Malam ya ce, bai ɗago kai ba.

Safara'u ta tallafo kan 'yarta, ta kai mata kofin baki da hannunta mai jini. Ramla ta shanye, ta ce a ƙaro.