Hita a Tsakar Rana

"Kada ka taɓa murfin nan, Muktar!"

Mashkura ta diro daga kabu-kabu tun bai gama tsayawa ba, jakar kayan aiki na rataye a kafaɗarta. Motar Muktar na gefen hanyar da ta fito daga Lafagu, bonet a buɗe, tururi na tashi daga lagireto.

"Ruwan ciki tafasa yake yi. Kana buɗewa zai wanke maka fuska."

Muktar ya janye hannu, ya kasa dubanta.

Shekara biyu yana neman aurenta. Mahaifinta, Malam Bunyaminu, shi ne bakaniken da Bagudo ta fi sani, kuma da idonsa ya yi rauni ita ta riƙe garejin. A kan wannan ne Hajiya Batulu, mahaifiyar Muktar, ta kafe ba ta yarda ba. Nana Aisha ta Kurgu kuwa, wadda ta daɗe tana son sa, ta ƙara mata da cewa wuni Mashkura take yi cikin direbobin Kwatano.

Hajiyar na zaune a baya. Kusa da ita akwai ƙwaryar goro da turamen atamfa.

Kallo ɗaya Mashkura ta yi musu ta gane inda aka nufa: neman auren Nana Aisha.

Ta durƙusa. "Inna, ina wuni?"

"Lahiya. Ke anka aiko? Duk garin babu namiji?"

"Baba ya ce in zo, Inna."

"To, yi maza. Ana jiranmu Kurgu kahin la'asar. A gidanmu, tun zamanin kakana, ba a taɓa sa rana mun saɓa ba."

Mashkura ta miƙe, ta koma gaban mota. Ta jira injin ya huce, kamar yadda magabata a sana'ar suka koyar, sannan ta naɗe tsumma a hannu ta kwance murfin a hankali. Ta zaro sandar auna baƙin mai ta duba: baƙi ne sosai, bai koma kamar madara ba. Ta bi tiyo da yatsu, babu tsaga. Ta cika ruwa, ta sa aka tayar, ta zuba ido. Babu kumfa.

Fanka ce ta ƙi juyawa.

Muktar ya sunkuyo cikin bonet, murya ƙasa ƙasa.

"Mashkurata… da gangan na kira garejinku. Ki ce gaskit ɗin injin ya ƙone."

"Bai ƙone ba."

"Ki dai ce! In mun saɓa yau, baffan Nana Aisha mutum ne mai zuciya, ba zai sake karɓarmu ba. Kalma ɗaya, rabin raina…"

Mashkura ta dubi injin. Babu mai ƙaryata ta a wannan dajin. Kalma ɗaya, goron nan ya koma gida.

"Shekara arba'in Baba na buɗe bonet, bai taɓa ɗora wa mota ciwon da ba ta da shi ba," ta ce, hawaye na sauka. "Ba a kaina za a fara ba."

"Ko da za ki rasa ni?"

"Ko da zan rasa ka."

Ta goge fuska da gefen mayafi, ta zagaya wajen taga.

"Inna, injin lafiya lau yake. Fanka ce ta mutu, kuma babu irinta sai a gari. Amma za ku isa kafin la'asar idan aka kunna hita."

"Mi?"

"Na'urar ɗumama ɗaki. Motocin da ake shigowa da su ta Kwatano don ƙasashen sanyi aka ƙera su. In an kunna ta, za ta janye zafin injin ta turo shi nan ciki. A sauke gilasai, a tafi a hankali."

"Cikin wagga rana? Gasa ni za ki yi don hushi!"

"Zan shiga gaba in riƙa duba allurar zafin injin, Inna. Ni zafin zai fara samu. Ku sauke ni a mararraba."

Suka kama hanya. Iska mai ƙuna ta riƙa bugun ƙafafun Mashkura, gumi ya jiƙe mata baya, ba ta ɗauke ido daga allurar ba. Ta hau… ta hau… ta kusa ja.

"Sassauta ƙafa, Muktar!"

Allurar ta tsaya, sannan ta soma sauka.

A haka suka iso mararraba. Hannun hagu Kurgu, hannun dama Bagudo. Muktar ya taka birki, Mashkura ta kama hannun ƙofa.

"Dakata," Hajiya ta ce. "Muktaru, kunnena bai mutu ba, kuma bonet ba bango ba ne. Na ji abin da kac ce ta hwaɗi."

Muktar ya sunkuyar da kai.

"Ke kuma, mi ya hana ki? Wallahi da ni ce ina budurwa, da na rantse injin ya narke."

"Tambayata kuka yi abin da ke damun motar, Inna."

Hajiya ta daɗe tana fifita da bakin gyale. Ta dubi goron, ta dubi baƙin man da ke yatsun yarinyar.

"An ce mini kina wasa da direbobi. Ban bincika ba, kuma uwata ba ta koya mini haka ba." Ta ja numfashi. "Kurgu zan tahi da ƙahwata gobe in ba su haƙuri, in sha kunyar da na jawo. Ɗiyata, motar za ta kai Bagudo?"

Mashkura ta saki hannun ƙofar. "Za ta kai, Inna."

"To, yi dama, Muktaru. Gidan Malam Bunyaminu."

Muktar ya karya sitiyari, murna ta sa ya miƙa hannu zai kashe hitar.

"Bar ta!" suka ce a tare.