Likkafanin Diramar Malam Sanusi

Taibatu na tankaɗen gari a tsakar gida mahaifinta Malami ya faɗo ko sallama babu. Daga Talata Mafara yake, inda saurayinta Sanusi, tican makaranta, ya gayyace shi kallon dirama.

"An hwasa amren ga!" ya ce. "Da idona nig gane shi kwance cikin likkahwani, ana yi mai kukan ƙarya. Mai wasa da mutuwa ba ya amren ɗiyata!"

"Baba, dirama ta fa..."

"Yi min shiru!"

Ta ci gaba da tankaɗe, hawaye na sauka cikin rariya. Malami ba mugu ba ne, ciwo ne ya mai da shi haka. Tun da ruwan dam ɗin Bakolori ya shanye ƙauyensu na ƙasar Maradun, har da kabarin matarsa Adama, ba a sake jin dariyarsa ba.

Ƙawaye, sarakan zuga, suka ce ta gudu zuwa Bakura wurin gwaggonta. Ta ƙi. Tana son Sanusi kamar ranta, amma ba ta iya ƙara wa tsoho wani rashin.

Bayan girbi Sanusi ya zo ya durƙusa a zaure, ya yi doguwar gaisuwa, bai ambaci aure ba. Can Malami ya nisa.

"Tsohon nan na wasanku, uban gawar... Na hita ban ga ƙarshe ba. Mi yas same shi?"

"Baba, rantsuwa yay yi don tsare mutuncinai, yar raba ɗanai da wadda yaka so. Baƙin ciki yak kashe yaron. Mutunci ya tsaru, amma tsoho ya koma gida ba mai ce mai sannu."

Malami ya ɗago kai ya dube shi.

"Shi ko yana da kabarin da zai ziyarta. Ni hwa? Tawa tana ƙarƙashin ruwa!"

Sai ga dattijo na kuka kamar yaro. Taibatu da ke bayan zana ta kasa daurewa, ta shigo ta riƙe ƙafarsa.

"Tashi, ɗiyata. Ruwa sun amshe min guda, ba ni ba da ta biyu da hannuna. Sanusi, turo magabatanka."

Haka haƙurin Taibatu ya ba ta miji bai raba ta da uba ba. Sau da yawa fushin iyaye kuka ne da bai sami hanyar fita ba, kuma wanda ya jira zai ji shi.