Gefen da Aka Bar wa Nunzia

"Mene ne wannan?"

Muryar Baba ce, ƙasa-ƙasa, irin wadda ta fi tsawa ban tsoro.

Nunzia ba ta ɗago ba. Ta riga ta san abin da yake nunawa. Farantin Saverio ne. Ya cinye tsakiyar fizar tas, tumatir da cuku da ganyen ɗoɗɗoya, amma gefen nan mai kumburi da ɗigon ƙuna sai ya jera shi gida huɗu a bakin faranti... ta ɓangaren da take zaune.

Ranar Litinin ce, ba a buɗe shago. Duk da haka Baba, wato Don Gaetano, ya hura tanderu tun hantsi, ya murza kwaɓi da hannunsa, saboda saurayin 'yarsa ya taho tun daga tsibirin Sisiliya gaishe shi. Shekara talatin da ɗaya yana gasa fiza a lungun nan na Napoli ta ƙasar Italiya, ko karen unguwa bai taɓa samun gefe daga teburinsa ba.

"Ranka ya daɗe, ai..." Saverio ya soma.

"Ai ka ƙoshi!" Carmine ya tari numfashinsa yana dariya. Carmine shi ne mai kula da wutar tanderu, shekara goma sha biyu yana bayan Baba, shekara biyar idonsa na kan Nunzia. "Ko haƙoran ne babu? Maigida, kar ka ga laifinsa. Wanda ya tashi yana lasar ƙanƙara da cokali, ina zai iya tauna?"

Saverio bai ko kalle shi ba. Ita yake kallo.

Ita kuwa ta sani. Tun ranar da suka haɗu a jirgin ƙasa, tana rungume da littafi, shi yana rungume da kwandon lemon tsamin da zai kai shagonsu na jelato, wato askirim ɗin Italiya, ta gaya masa cewa a duk fiza gefe ta fi so. Bai manta ba. Nata ne ya aje mata.

Abin da ya rage mata kaɗan ne. Ta miƙa hannu, ta ɗauka, ta ci.

Hannun ya ƙi tashi daga cinyarta.

"Kwana ɗaya cur kwaɓin nan yana hutawa," in ji Baba. "Tumatir na manomi ne. Cuku na mai shanu ne. Ni gefen nan kaɗai ne aikina. Namijin da zai lashe mai taushi ya bar mai wuya, haka zai yi wa 'yata wata rana. Ga ƙofa nan."

Da la'asar ta sami Saverio a tashar jirgin ƙasa, idanunta sun yi luhu-luhu.

"Ke kika ce min shi kika fi so," ya ce.

"Na sani..."

"Na bar miki, Nunzia."

"Baba ne... in ya yi wannan muryar sai harshena ya mutu. Don Allah ka yi haƙuri!"

Ya sa yatsa ya gyara mata tabaron da ya zamo kan hancinta.

"Ba fushi nake ba, hasken idona. Amma ba zan iya ƙare rayuwata ina turo miki abu kina kallon ƙasa ba. Ranar da hannun nan ya iya miƙowa, kin san inda nake."

Jirgi ya tafi da shi.

Wata biyu ko kira babu. Sau uku ta tsaya a bayan Baba yana murza kwaɓi, ta buɗe baki, sau uku abin da ya fito shi ne, "In kawo maka kofi?" Carmine kuwa kullum da sabon labari. Yau ya ji an ce mai ƙanƙara ya samu wata a garinsu, gobe an ce har an sa rana. Baba ya soma cewa Carmine yaro ne mai hannu, shago kuma yana son magaji.

Sai watan Agusta ya kama, aka rufe shago don hutu, ga kuma bikin ɗiyar aminin Baba a Catania, can Sisiliya. Su biyu suka kama hanya a tsohuwar motarsa.

A hanyar ne wahala ta fara, don Baba ba ya yarda da fizar kowa.

Wuri na farko, daga ƙofa ya juyo.

"Babu ƙamshin itace. Da lantarki suke gasawa, Allah ya shirye su."

Wuri na biyu, a Kalabriya, har an kawo. Ya sa yatsa ya ɗaga ya leƙa ƙarƙashinta.

"Dubi, fari fat kamar cikin kifi! Wannan an nuna mata wuta ne daga nesa."

"Baba, ka ci ko kaɗan ne..."

"Ki ci ke. Ni ban yi wa cikina laifin komai ba."

Na uku, bayan sun haye ruwa zuwa Messina, ya naɗe yanki ɗaya sai ya karye ƙas. Ya aje, ya share hannu, ya yi wa mai wurin ta'aziyya. Nunzia ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

A wurin bikin ma tsakura kawai ya yi. Washegari da safe suka juyo, rana ta buɗe da zafi, Baba yana tuƙi yana share gumi, cikinsa na ƙugi har tana ji. Can gaba ta hango allon da ke nuna hanyar Bronte, a gindin dutsen Etna.

Garin su Saverio.



"Baba... mu bi nan. Akwai jelato."

"Jelato a ko'ina akwai."

"Ba mai kyau ba."

Ya kalle ta ta wutsiyar ido, amma ya karya kan mota.

A bakin dandalin garin akwai wani shago da ya tula jelato tsibi-tsibi a bayan gilashi, shuɗi da ja da kore shar. Baba ya nufa can, ta riƙo hannun rigarsa.

"Ba nan ba. Duk wanda ya tsaya tsibi a zafin nan bai narke ba, iska aka hura masa. Kuma na gyaɗar fistashiyo na gaske ba ya yin kore haka, kalar busasshiyar ciyawa gare shi. Ka nemi inda ba ka ganin komai sai murafen ƙarfe."

Baba ya tsaya yana kallonta.

"Yaushe kika zama malama? A littafi kika gani?"

"An... an koya min ne."

Shagon da ta kai shi ɗan ƙarami ne, tebur uku a ƙarƙashin rumfa. Wata dattijuwa gajera mai kauri tana bayan kanta, wani tsoho siriri kuma yana zaune da jarida. Nunzia ta san su a hoto: Donna Agata da mijinta Alfio, iyayen Saverio. Su ba su san ta ba. Saverio kuwa babu alamarsa.

Donna Agata ta ɗaga murfi, ta tsaga wani burodi mai tuntu a ka, ta cika cikinsa da jelato, ta dire a gaban Baba.

Ya kai cokalin farko baki.



Ya rufe ido. Ya kai na biyu, na uku. Nunzia ba ta taɓa ganin fuskarsa haka a kan abincin wani ba.

"Wanda ya yi wannan," ya ce a hankali, "yana tashi kafin kaji. Kuma ba ya ha'inci."

Ya rarake cikin burodin tas da cokali, ya ture farantin gefe, ya sauke ajiyar zuciya.

Sai ga inuwa a kansa.

"Malam, mene ne wannan?"

Donna Agata ce, hannu a ƙugu.

"Burodina ne bai yi maka ba? Tun asuba nake tsaye a kansa! Ka lashe mai sanyi ka bar min ɓawo kamar wani ɗan yaye? Daga ina kake ma?"

"Daga... Napoli."

"Ai na ji a bakinka! Ku da kuke cika duniya da surutun kwaɓi!"

Kunnuwan Don Gaetano suka yi ja. Ya jawo farantin kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya, ya gutsiri burodin da ya jiƙe da jelato, ya tauna.

"Ki gafarce ni, uwargida. Ban san tare ake ci ba."

"To yanzu ka sani."

Ta koma ta haɗo wani ta kai wa mijinta, ta zauna kusa da shi tana fifita da murfin kwali. Tsohon bai ɗaga kai daga jarida ba. Ya sa yatsu biyu ya cire tuntun burodin, ya aje a bakin faranti ta ɓangarenta. Ita ma ba ta kalla ba, ta ɗauka ta jefa a baki tana ci gaba da mita a kan mutanen Napoli.

Baba ya daina tauna.

"Dattijo," ya ce, "kai ga shi ka bar naka, ba a yi maka faɗa ba."

Alfio ya leƙo ta saman jarida.

"Ba bari na yi ba. Shi ta fi so. Shekara arba'in rabona da sanin ɗanɗanon tuntu."

"Ƙarya yake, yana sata in na juya baya," in ji Donna Agata.

Alfio ya ci gaba: "A gidan nan haka muke. Abin da mutum ya fi so, a bakin faranti ake aje masa. Ɗanmu ma haka ya tashi ya gani. Sai da ya je garinku ya yi, aka kore shi kamar ɓarawo."

A daidai nan labulen ciki ya ɗaga. Saverio ya fito ɗauke da tukunyar ƙarfe, ya rame, gemu ya taru. Yana ganinsu ya ƙame.

Nunzia ta miƙe. Tabaronta ya zamo, ba ta gyara ba.

"Baba..."

Harshen ya soma mutuwa kamar kullum. Ta cije shi har sai da ta ji zafi.

"Baba, nawa ne! Gefen nan ni ya bar wa! Ni na ce masa shi na fi so, ya aje min, ni kuma na ji tsoronka na kasa ɗauka. Na bari aka zage shi a gabana ina zaune. Ba shi ya raina aikinka ba, Baba, ni ce na ci amanarsa. Kuma ba na son Carmine, ban taɓa son sa ba, ko an ba ni shi da tanderun gaba ɗaya!"

Donna Agata ta saki murfin kwalin.

"Au! Ke ce? Ke ce kika sa min ɗa ya koma kamar sandar rake?" Ta juya kan Baba. "Kai ne kuma mai korar mutane a kan gefe? Kai da ka bar min burodi guda sukutum?"

"Mama, don Allah..." in ji Saverio.

Baba ya daɗe yana juya cokali a faranti. Da ya yi magana, muryar ba wadda Nunzia ta sani ba ce.

"Mamanki ma gefe take so."

Shekara tara da rasuwarta, yau ne ya fara ambatonta a gaban baƙi.

"Sata take yi daga farantina. Kullum sai na buge mata hannu, in ce kowa ya ci nasa. Tana dariya, ina faɗa." Ya aje cokalin. "Ko sau ɗaya ban taɓa aje mata da kaina ba. Ban ma san ana yi ba."

Nunzia ta durƙusa ta kifa kanta a gwiwarsa, ya dafa gashinta da hannun nan nasa mai tabon wuta.

Saverio ya aje tukunyar. Ya ɗauko burodi ɗaya, ya jawo kujera ya zauna a teburinsu. Ya cire tuntun, ya aje a bakin faranti, ya turo shi a hankali. Kallonta kawai yake.

Ta tashi zaune. Ta kalli Baba ido cikin ido.

Ta miƙa hannu ta ɗauka.

Hawaye na zuba, burodin har da gishirin kuka, amma ta cinye.

"Kin daɗe a hanya, hasken idona," Saverio ya ce can ƙasa.

"An ce har an sa maka rana..."

"Da wa? Da injin markaɗe?"

"Kai, mai ƙanƙara," Baba ya katse su yana share ido da bayan hannu. "Ƙaro min wannan abin. Da burodinsa, kar uwarka ta kashe ni."

A watan Oktoba aka yi baiko, ranar Litinin, a lungun nan na Napoli. Carmine ya riga ya koma wani shago a can ƙasan gari, don haka Baba da kansa ya hura wuta, ya murza, ya gasa. Da ya dire fizar a gaban Saverio, Nunzia ta ga abin da ba ta taɓa gani ba tun tasowarta.

Gefen ya yi faɗin yatsa uku, tsakiyar 'yar mitsitsiya.

"Baba, ai ka ɓata ta!"

"Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ɓata fiza ba," ya ce yana komawa bakin tanderu. "Shi ya ci tsakiya in ta ishe shi. Wannan taki ce."