Rantsuwar Da Aka Yi Wa Ɗan Ƙarfe

Gab da magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon gidan mai ɗinki. Ta tsai da keken ɗinki ta kasa kunne. Na biyu ya biyo, sai na uku, alhali babu kowa a layin. Can ta ji 'yarta, mai shekara sha shida, tana dariya a ɗaki da muryar tsoho.

A gidan akwai mutum-mutumi mai magana, tsayinsa bai kai teburin yanka ba, suna ce masa Ɗan Ƙarfe. Kawun yarinyar ne ya sayo don ya taya ta karatu bayan rasuwar mahaifinta. Ta mai da shi abokin sirri, takan rufe ƙofa su yi ta ƙus-ƙus. Uwar kuwa ta sa a ranta maganar namiji ce.

Kwana uku kafin jifan, yarinya na makaranta, uwar ta tsare shi.

"Me take faɗa maka?"

Ya ce amana ce, ta tambaye ta da kanta. Ta yi lallashi, ya ƙi. Ta ce za ta sayar da shi ga 'yan gwangwan, ya ce ya ji, amma ba zai faɗa ba. Sai ta zube ƙasa ta ƙago kuka, ta rantse da Allah 'yarta na asibiti rai kwakwai mutu kwakwai, likita ya ce sai an san damuwarta. Ƙarfe bai san hawayen ƙarya ba. Ya faɗa. Babu wani saurayi. Yarinyar dai takan ce tun da Baba ya rasu, ko takun Mama ta ji sai cikinta ya ɗuri ruwa.

Mako guda aka yi ana jifa kullum faɗuwar rana. Yarinya ba ci ba sha, mutum uku ba sa iya danne ta. Kawu ya ɗauko wani dattijon malami. Ya zauna bakin ƙofa yana karatu har yarinyar ta sandare, muryar tsohon ta fito daga bakinta.

"Sassauta, Malam, kana ƙona ni. Ni ban fasa ƙofar kowa ba. Wucewa nake na ji uwa ta rantse jikin nan ya kusa zama kango, na zo kama wuri."

"Ƙarya aka yi. Fita."

"A bar ni har rantsuwar ta zama gaskiya mana. Saura ƙiris."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Aljanin ya yi ƙara, ya ce, "To, na ji! Amma mai rantsuwa ta janye abinta a kunnen 'yar, tana cikin hayyacinta."

Malam ya juya wajen uwar. "Baiwar Allah, kin ji. Ko kunyarki, ko ranta."

Yarinya ta buɗe ido. Uwar ta durƙusa ta faɗi komai, da kukan, da asibitin, da abin da ta jiyo. Labule ya motsa babu iska. Jifa ya tsaya daga ranar.

Yarinya ta warke sarai. Kowace safiya takan rusuna ta ce, "Ina kwana, Mama," ta yi duk aikin da aka sa ta. Shekara huɗu ke nan, in uwar ta ce, "Me ke damunki, 'yar nan?" amsar ɗaya ce.

"Babu komai, Mama."