Turmin Amarya

Dum! Dum! Amarya na daka kayan miya a kicin tana rera waƙar dakan matan garinsu, sai ga Yaya Babba, yayar mijinta, ta faɗo kamar an jefo ta.

"Ke! Nan ƙasar mutane ce, ba ƙauyenku ba! Ga bilenda can, sai kin tara mana maƙwabta?"

"Yaya, miyar nan da waƙa Inna ta koya min. Kowane baiti da abin da ake zubawa, in na yi shiru rikicewa nake."

Da yamma mijinta Auta ya ajiye tasi ya hau sama. Yaya Babba ce ta ɗauko shi daga gida ta ba su ɗaki, don haka ba ya iya haɗa ido da ita.

"Zaɓi ɗaya, Auta. Ko turmin nan ya bar gidana, ko mai turmin!"

Bawan Allah ya yi tsuru-tsuru, ya juya ga Amarya. "Sori, Bebi, ki haƙura da shi mana..."

"Na bar uwata, na bar garinmu saboda kai," ta ce, hawaye sharɓe-sharɓe. "Wannan kam wallahi ba zan bari ba!"

Ta ɗora turmi a ka ta kama matakala. Ba ta kai ƙasa ba ta ji an sauke mata shi.

"Kawo, ai kayana ne," in ji Auta.

"In ka fita ba ni ba kai!" Yaya Babba ta ƙwalo daga sama. Ya fita.

Wani ɗan akurkin ɗaki suka kama a bayan shagon wanki, ga sanyi ga yoyo. Amma ran Asabar tana daka tana waƙa, shi yana kaɗa mata bokiti. Kafin ka ce me, 'yan ƙasarsu mazauna can sun biyo ƙamshi: masu gadi, nas-nas, direbobi, kowa da kwanonsa, ana ci ana amshi. Duk mako Amarya sai ta aika wa Yaya Babba kular miya, ana dawo da ita ko buɗewa ba a yi ba. Ba ta fasa ba, har ranar da kular ta dawo wayam.

Asabar ta gaba sai ga Yaya Babba a bakin ƙofa, fuska a murtuke.

"Ba ci na zo yi ba."

Amarya ta gaishe ta, ta ci gaba da waƙarta.

"Ke, tsaya! Wa ya ce miki gishiri ke shiga a wannan baitin? Ba ni taɓaryar nan!"

Ta tuɓe agogo ta hau daka. Ashe ita ma ta iya, kunyar idon baƙi ce ta danne ta shekara da shekaru. Ba ta kai ƙarshen baiti ba kuka ya ƙwace mata, ɗaki ya ɗauki amshi.

'Yan uwa, a yi haƙuri da dangi, amma kada kunya ta raba mutum da abin da ya sha a nono.