Ɗan Farin Hafsatu a Ƙofar Mazugal

A zamanin wani sarki daga sarakunan Haɓe na Kano, tun kafin Jihadi da nisa, cikin tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu bai fid da kai ba, aka yi abin da zan rubuta muku. Sunan sarkin ya ɓace mini. Ita ma kakata da ta ba ni labarin ba ta riƙe shi ba. Kada ku je nemansa a littafin makaranta, ba ya ciki. Labarin gidanmu ne, daga baki zuwa baki ya iso gare ni.

Tsohon sarki ya rasu ya bar 'ya'ya biyu manya. Masu zaɓe suka naɗa ƙaramin, suka tsallake babban, wanda yake riƙe da sarautar Ciroma. Ciroma ya yi mubaya'a da baki, bayan kwana arba'in ya fice daga gari da mutanensa. Da ruwa ya zauna sai ga shi ya dawo da rundunar haya daga kudu, ga kuma Kanawan da suka bi shi. Sarki ya tura Madaki ya tare su a bakin kogi. Ba a yi sa'a ba. Kafin azahar an karya Madaki, dakarunsa suka watso cikin gonaki suna neman ganuwa.

Ga inda matsalar take. Masu gudun nan da Kanawan da ke cikin masu korar su duk 'yan gari ɗaya ne, harshe ɗaya, tsagar fuska ɗaya. Aka kai wa sarki raɗa cewa Ciroma ya cusa nasa cikin masu gudu, don su shigo su buɗe masa ƙofa daga ciki. Sarki ya yi umarni: kada a shigar da kowa sai ya raɗa wa dogari sunansa na yanka, sannan uwarsa ko ubansa ko matarsa su faɗi wannan sunan daga ciki. In ya dace, ya shigo. Shaidar maƙwabci ba ta karɓuwa, don ana iya sayen maƙwabci.

Wanda aka ɗora a Ƙofar Mazugal wani bawan sarki ne mai muƙamin Kacalla, an kawo shi daga gabas mai nisa, shekararsa uku kacal a Kano. Jarumi ne, ba mugu ba ne, ku riƙe wannan. Hausar yaƙi ya iya, ta cikin gida bai san ta ba.

Da la'asar ƙofa ta cika maƙil, an buɗe ta daidai wucewar mutum ɗaya. Cikin matan da suka taru akwai Hafsatu, mai sayar da daddawa, wadda mu duka daga tsatsonta muka fito. Mijinta ya rasu. Ɗanta na fari yana cikin 'yan bakan Madaki, shekararsa ashirin da biyu, bai yi aure ba. Kakarsa ta wajen uba ce ta goye shi tun yaye, ita ma ta rasu bara waccan. Sunansa Sule, sunan surukin Hafsatu ne aka mayar masa. Kun ga kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya: ga ta ɗan fari, ga ta suruki. Tun da ta haife shi sunan nan bai taɓa bi ta bakinta ba. Ko a gaban mutane aka ce ɗanta ne, sai ta kau da kai.

Layi ya zo kansa. Ya raɗa wa dogari, ya tsaya a bakin ƙofa, jini ya bushe a kafaɗarsa.

Kacalla ya ce, "Wa ke da wannan?"

Mata suka turo Hafsatu gaba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ɗanki ne?"

Bakinta ya riga hankalinta, ta ba da amsar da ta saba bayarwa shekara ashirin da biyu. "Na su Baba ne, ranka ya daɗe."

"Ban tambayi Baba ba. Sunansa."

"Mai sunan Baba."

Sarkin Ƙofa, wani dattijo da ake kira Ado, wanda ya san gidan tun kakanni, ya durƙusa. "Allah ya ja zamanin Kacalla, uwarsa ce, a gabana aka yanka ragon sunansa. Ɗan fari ne, nauyi take ji." Ya juya gare ta. "Ke 'yar nan, yau ba ranar kunya ba ce. Faɗi mana!"

Ta buɗe baki. Kakata ta ce leɓenta ya yi motsi, kowa ya gani, murya ce ba ta fito ba. Ga maza fiye da ɗari sun zuba mata ido. A can cikin gonaki kuma tamburan Ciroma sun matso, na bayan layi sun fara turereniya.

Sule ya ga halin da take ciki, ya so ya ƙarfafa ta. Ya kira ta da abin da ya tashi yana kiran ta, kamar kowane ɗan fari da kaka ta goya.

"Yaya, daure ki faɗa. Sau ɗaya ne, Yaya."

Kacalla ya ɗaga hannu. "Tsoho ya ce uwa. Shi ya ce yaya. Ita ta ce na wani ne. Baki uku, magana uku. Ni za a yi wa wasa?" Ya ce a ture Sule baya.

Ba a kira wani bayansa ba, don a lokacin dawakin farko suka ɓullo daga cikin gero. Aka haɗa ƙyaure, aka jefa gungumen sakata. Sai da ƙarar ta mutu sannan muryar Hafsatu ta fito. Ta manna goshinta a jikin ƙyauren tana kiran Sule, Sule, har aka ji ta a gindin Dala. Daga waje an ce ya amsa sau biyu.

Kwana goma sha tara aka yi a rufe. Sannan malamai suka shiga tsakani, wa da ƙane suka sasanta. Aka ba Ciroma wani babban gari ya riƙe, sarki ya aika masa da riga da doki, daga baya ma suka haɗa 'ya'yansu aure. Kacalla ya sami ƙarin girma, don ƙofarsa ba ta faɗi ba. Mutum sittin da wani abu da aka bari a waje, a rami ɗaya aka haɗa su, ba a iya bambance fuskokinsu ba.

Hafsatu ta ƙara shekara talatin a duniya. Duk wanda ya tsaya sayen daddawa sai ta gaya masa sunan ɗanta, ko bai tambaya ba. Mutane suka ce ta taɓu, wasu suka ce ta zubar da kunya.

Ni ban ga laifin kunya ba, da ita aka raine ni. Ban kuma ce kwanan Sule bai ƙare ba, Allah shi ya san wannan. Amma na lura manya in sun yi faɗa sukan shirya su ci tuwo a kwano ɗaya, wanda aka rufe wa ƙofa kuwa ba ya cikin sulhun. Tun daga kan Hafsatu matan gidanmu suka ɗauki wata al'ada: ranar suna, uwa za ta ɗaga ɗan farinta a gaban mata ta faɗi sunansa da ƙarfi, sau ɗaya, don harshe ya san hanya. Ni ma na yi. Aka yi mini dariya, dangin mijina suka ce ba ni da ta ido. Na ce na ji. Abdulmalik, ɗana na fari, in ka karanta wannan, ga shi na sake faɗa.