Ba Gaggawa, Anti

A hawa na goma sha ɗaya na wani bene a unguwar Toa Payoh, Wan Ting tana gyaran ganyen miya a kicin, amma kunnenta yana falo, inda mahaifiyarta, Madam Kwek, ta buɗe littafin ranakun sa'a a gaban Declan. Karo na huɗu ke nan cikin wata shida da saurayin ya zo neman a sa ranar aure. Injiniya ne ɗan Kanada, kwantiraginsa a Singapore zai ƙare ranar talatin ga Nuwamba. In ba a ɗaura ba kafin nan, gida zai koma, ita kuwa Wan Ting ba za ta bi shi ba sai da albarkar uwarta.

Madam Kwek ta ce a kalandarsu ta gargajiya watan bakwai na fatalwa ne, ba a aure a cikinsa, na takwas kuma bai dace da shekarar haihuwar 'yarta ba. Sai an ƙara dubawa.

"Ba gaggawa, Anti," in ji Declan da murmushi. "Ki yi haƙuri na dame ki."

Da ya miƙe ƙafarsa ta bugi kujera, ita ma kujerar ya ba ta haƙuri.

Yana fita, tsohuwar ta leƙo kicin. "Ah Ting, wannan Baturen naki wane laifi ya aikata ne? Sau tara ya ba da haƙuri yau, na ƙirga." Ta ƙara da cewa mai son 'yar mutum da gaske ba ya cewa ba gaggawa, marigayi mijinta sau shida ya dawo neman aurenta, har da ranar da aka kore shi da tsintsiya.

Wan Ting ta sunkuyar da kai, domin a gidansu 'ya ba ta mayar wa uwa magana. Shi kuma Declan, duk lokacin da ta zagaya ta taɓo zancen, sai ya ce a gidansu a Halifax, in babba ya ce a dakata, takura masa rashin tarbiyya ne. Faɗa masa cewa gwada shi ake yi tona asirin uwarta ne. Haka ta zauna tsakanin mutum biyu masu ladabi, kowanne yana jiran ɗaya ya fara magana. Wurin kukanta ɗaya ne, cikin lif, daƙiƙa arba'in daga hawa na goma sha ɗaya zuwa ƙasa.

Ranar biyu ga Oktoba Declan ya nuna mata tikitin jirgin da wurin aikinsa ya yanka masa. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Declan, ladabinka ne zai raba mu. Mama ba ta ƙi ka ba. So take ta ji ka nace."

Ranar Lahadi ya zo. Madam Kwek ta buɗe littafin, ta ce sai an ƙara dubawa. Bakinsa ya kama "ba gagg—", ya haɗiye. Fuskarsa ta yi ja har kunne.

"Anti, akwai gaggawa. Ina son Wan Ting, kuma ba zan tashi daga kujerar nan ba sai da rana."

Tsohuwar ta tashi, ta ciro kalandar bango, ta ɗaga shafi zuwa Nuwamba. An zagaye goma sha shida da jan biro, tawadar har ta soma kodewa.

"Tun Afrilu na zaɓa," ta ce. "Kai ne ka ce ba gaggawa."

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa yatsa. "In ka ba ni haƙuri, gogewa zan yi. Ah Ting, zubo masa shinkafa, duk ya rame."

Wan Ting ta zuba, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. An ɗaura auren a ranar da aka zagaye. Haƙurinta bai tafi a banza ba, amma ta riƙe darasin har tsufanta: ladabi abu ne mai kyau, sai dai in ya hana mutum faɗin abin da ke ransa, yana iya raba shi da wanda yake so.